Yadda Ake Bin Diddigin Farashin Wutar Lantarki da Ƙididdiga: Darasi Daga Kasuwar Jamus

Ranar Lahadi 2 ga Yulin 2023, da ƙarfe 2 na rana, farashin wuta a kasuwar sari ta Jamus ya faɗi har Yuro 500 ƙasa da sifili a kan kowace megawat-awa. Wato mai tashar wuta ne ke biyan wanda zai karɓi wutar daga hannunsa. Ranar 12 ga Disamban 2024 kuma, da ƙarfe 5 na yamma, wannan kasuwa dai ta sayar da megawat-awa ɗaya a kan Yuro 936. Haja ɗaya ce, ƙasa ɗaya, wayoyi ɗaya. Duk wanda zai zauna da alƙaluman irin wannan kasuwa, ɗalibi ne ko ɗan jarida ko ma'aikacin kamfanin wuta, sai ya ajiye dabarun da ya saba da su wajen nazarin farashin shinkafa ko zinare, domin akasarinsu ba sa aiki a nan.

Dalilin kuwa a fili yake. Ɗan kasuwar Dawanau yakan sayi gero da kaka ya zuba a sito, ya fito da shi da bazara, wannan ajiyar ce ke hana farashi yin tsalle fiye da kima. Wuta ba ta da sito sai ɗan abin da batura da madatsun ruwa ke iya riƙewa. Abin da aka samar a wannan daƙiƙa, a daƙiƙar za a sha shi. Saboda haka wutar ƙarfe 3 na dare da ta ƙarfe 6 na yamma tamkar haja biyu ce daban, kowace da kasuwarta.

Kafin ka taɓa lissafi, ka san yadda ake yanka farashin

A Jamus da yawancin ƙasashen Turai, ana gwanjon wutar gobe ne a yau. Masu samarwa da masu saye suna miƙa tayinsu na kowane lokaci na gobe, a rufe karɓa da ƙarfe 12 na rana, jim kaɗan a fitar da sakamako. Ana jera tashoshi daga mafi arha zuwa mafi tsada: hasken rana da iska a farko tun da ba su sayen mai, sai kwal, sai iskar gas. Ana ta ɗiba daga jerin har buƙata ta cika, tashar ƙarshe da aka kira ita ce ke yanka farashin da kowa zai karɓa.

Wannan ƙa'ida ita kaɗai ta isa ta fassara maka rabin abin da za ka gani a zane. Idan rana ta take kuma iska na kaɗawa a ranar hutu, wutar arha ta yi yawa, wasu tashoshin kuma kashe su da sake kunnawa ya fi tsada a kan su biya a karɓi wutar, wasu kuma suna da tallafin gwamnati ko da farashi ya faɗi, sai farashin ya nutse ƙasa da sifili. Tun watan Satumban 2008 aka halatta haka a gwanjon Jamus. Idan kuma aka shiga tsakiyar sanyi, gari ya yi duhu da wuri, iska ta kwanta, sai a kira tashoshin da ba a cika kunnawa ba, su kuwa sai yadda suka ce.

Samo alƙaluman, sannan ka wanke su

Ba sai ka biya ko kwabo ba. Ƙungiyar kamfanonin dakon wuta ta Turai, ENTSO-E, tana da dandalin bayanai a intanet tun 2015, hukumar da ke sa ido kan wayoyin wuta ta Jamus kuma tana da nata mai suna SMARD. Daga can za ka sauke farashi, da yawan buƙata, da abin da iska da rana suka bayar, da hasashen da aka yi musu tun jiya. Ka ɗauki aƙalla shekara huɗu ko biyar. Excel ya isa a fara, amma idan aikin ya yi nisa R ko Python sun fi sauƙi.

Abu na farko, ƙirga layuka. Shekara tana da awa 8,760, shekara mai kwana 366 kamar 2024 tana da 8,784. Idan lissafinka bai zo daidai ba, akwai giɓi ko maimaici, ka nemo shi. Sai batun canjin agogo, wanda mu nan ba mu san shi ba, shi ya sa yake saurin kama mu: a Lahadin ƙarshe ta Maris Turawa suna tura agogo gaba, ranar ta zama awa 23, a Lahadin ƙarshe ta Oktoba su dawo da shi, ranar ta zama awa 25. Abin da aka saba yi shi ne a cike awar da ta ɓace da matsakaicin maƙwabtanta biyu, awar da ta maimaitu kuma a haɗe ta zama ɗaya. Idan ka manta da wannan, duk awowin jadawalinka za su goce da awa ɗaya har tsawon wata bakwai, kuma kwamfuta ba za ta yi maka gargaɗi ba.

Akwai wasu ramuka biyu na tarihi. Har zuwa ƙarshen Satumban 2018 Jamus da Ostiriya farashi ɗaya suke da shi, daga 1 ga Oktoba aka raba su. Daga 1 ga Oktoban 2025 kuma gwanjon ya koma fitar da farashi na kowane minti 15 maimakon awa guda, don haka rana ta koma lambobi 96 maimakon 24. Idan bayananka sun ratsa ɗaya daga cikin waɗannan ranaku, ka daidaita su da hannunka, ka kuma rubuta abin da ka yi.

Wani lokacin farashin gaskiya ne amma dalilinsa kuskure ne. Ranar 24 ga Nuwamban 2023 farashi a Finland ya zauna a Yuro 500 ƙasa da sifili na tsawon awa goma, ba don iska ko rana ba, sai don wani kamfani ya shigar da tayin sayarwa bisa kuskure. Irin wannan rana a yi mata alama a ware ta. Babu lissafin da zai gano maka ita, sai ka karanta labaran kasuwar.

Ka duba da ido tukuna

Mutane da yawa suna tsallake wannan mataki saboda suna ganin bai kai matsayin ilimi ba. A ganina shi ne ya fi kowane muhimmanci. Zana farashin gaba ɗaya, sannan na wata ɗaya, sannan na mako ɗaya. Daga nan ka yi jadawali: awowi 24 a tsaye, kwanakin mako bakwai a kwance, matsakaicin farashi a kowane gida. Ka yi ɗaya na watannin zafi, ɗaya na watannin sanyi.

Za ka ga zagaye uku a kan juna. Na yini: farashi na tashi da safe lokacin da ake shirin fita aiki, ya lotsa da tsakar rana saboda faifan sola, ya sake tashi da almuru. Na mako: Asabar ta fi ranakun aiki arha, Lahadi ta fi Asabar. Na shekara kuma yana bin sanyi da tsawon yini. Lotsawar tsakar rana sabuwa ce. A farkon shekarun 2000 tsakar rana na cikin lokutan da wuta ta fi tsada a Jamus. Ke nan siffar yinin ma ba a tsaye take ba, tana canzawa da yawan solar da ake kafawa. Wanda ya haɗa shekara goma ya fitar da siffa ɗaya zai samu siffar da ba ta taɓa faruwa a kowace shekara ba.

Kada ka yarda da matsakaici shi kaɗai. A ce a wata rana awa 23 an sayar a kan Yuro 80, awa ɗaya kuma ta kai 936. Idan ka tara ka raba da 24, za ka samu kusan 116, alhali babu awa ɗaya da aka sayar a kusa da haka. Idan kuwa ka jera lambobin daga ƙarami zuwa babba ka ɗauki na tsakiya, 80 za ka samu. Kullum ka fitar da biyun, tazarar da ke tsakaninsu ita ce ke gaya maka ƙarfin tsallen farashi. Ka ƙara da farashin da kashi 5 cikin 100 na awowi suka haura, da wanda kashi 5 suka gaza, da adadin awowin da ke ƙasa da sifili. A Jamus waɗannan awowi sun kai 301 a 2023, suka zama 457 a 2024, wato sama da kashi 5 cikin 100 na shekarar. Abin da ya kai haka ya wuce a kira shi hatsari, ɗabi'ar kasuwar ce.

A nan ne wata tsohuwar al'ada ke karyewa. Masu nazarin hannun jari sun saba ɗaukar logaridim ɗin farashi su auna canji da kashi cikin ɗari. Lambar da ke ƙasa da sifili ba ta da logaridim, kuma tashi daga Yuro 1 zuwa Yuro 20 ƙarin kashi 1,900 ne, maganar da ba ta da amfani ga kowa. Ko dai ka yi aiki da farashin yadda yake, ko ka cire adadin tsakiya, ka raba da ma'aunin warwatsuwa, wato lambar da ke nuna nisan da farashi ke yi daga tsakiya, ka wuce da shi ta ASINH, wanda Excel ma yana da shi. Yana danne manyan lambobi kamar logaridim, amma yana karɓar sifili da abin da ke ƙasa da shi.

Cire kalanda, ka ga abin da ya rage

Yanzu sai a raba farashin gida biyu: abin da kalanda ta sani, da abin da ba ta sani ba. Hanya mafi sauƙi ita ce lissafin dangantaka, inda za ka ba kowace ranar mako da kowane wata alamar 1 ko 0, ka bar kwamfuta ta auna nauyin kowace. Ranakun hutu irin su 1 ga Mayu, 3 ga Oktoba da Kirsimeti a lissafa su kamar Lahadi, makon da ke tsakanin Kirsimeti da sabuwar shekara kuma a ba shi tasa alamar. Ista tana yawo tsakanin Maris da Afrilu, sai an bi ta shekara-shekara. Kuma ya fi kyau a yi lissafi 24 daban-daban, ɗaya ga kowace awa, tun da ana yanka farashin awowin gobe duka a zama ɗaya ne, ba ɗaya bayan ɗaya ba.

Abin da ya rage bayan an cire kalanda yana da hali uku.

Na farko, yana komawa gida. Idan farashi ya kauce daga inda ya saba, yakan dawo cikin kwanaki. Auna shi haka: nemo dangantakar ragowar yau da ta jiya. A ce ka samu 0.8. Ma'anarsa, kaucewar Yuro 40 a yau za ta zama 32 gobe, kusan 26 jibi, kusan 20 gata, wato rabinta ya tafi cikin kwana uku. Wannan adadin kwanakin shi ne abin da za ka faɗa wa wanda bai san ƙididdiga ba, zai kuma gane. Gwajin Dickey da Fuller na 1979 shi ake amfani da shi a tabbatar ko farashin na dawowa ne ko yawo kawai yake. Lucia da Schwartz sun gina irin wannan samfuri a 2002 a kan kasuwar Nord Pool, wadda Norway da Sweden suka haɗu a cikinta a 1996, har yau kuma daga nan ɗalibai ke farawa.

Na biyu, tashin hankalin farashi yana zuwa ne a jere. Makon da ya rikice yakan biyo makon da ya rikice. Samfurin GARCH na Bollerslev, na 1986, don wannan aka yi shi, ko da yake a kasuwar wuta tsalle ɗaya yakan ruɗe shi ya ɗauka rikicin zai daɗe alhali gobe ya wuce.

Na uku shi ne tsallen kansa, kuma a nan ake yawan ɓata aiki. Dabarar da aka saba: a fitar da duk ranar da ta kauce fiye da ninki uku na ma'aunin warwatsuwa, a sake lissafi da sauran, a sake fitarwa, har a daina samu. Wannan daidai ne idan manufarka ita ce auna zagayen kalanda ba tare da tsalle ya karkatar da shi ba. Amma kada ka zubar da waɗanda ka fitar. Ka buɗe musu shafi nasu: sau nawa suke zuwa, a wane wata, a wace awa, kwana nawa suke yi, yaya iska da sanyi suke a ranar. Kuɗin da ake samu ko ake asara a wannan kasuwa galibi a waɗannan 'yan awowi yake. A Fabrairun 2021, lokacin da ƙanƙara ta daskarar da bututun gas da tashoshi a jihar Texas ta Amurka, farashi ya maƙale a iyakarsa ta dala 9,000 a kan megawat-awa na kwanaki, kamfanoni suka durƙushe, magidantan da ke biyan farashin sari suka ga takardar kuɗin wuta ta dubban daloli. Samfurin da aka share wa irin waɗannan kwanaki zai yi kyau a takarda, ya kuma gaya wa mai shi cewa babu haɗari. Masu son zurfafawa sukan bi hanyar Hamilton ta 1989, a ɗauka kasuwar tana da yanayi biyu ko uku, na lafiya da na tsalle sama da na faɗuwa, a auna yiwuwar tsallakawa daga wannan zuwa wancan.

Gidan ma yakan tashi

Komawa gida tana da sharaɗi: gidan ya tsaya wuri ɗaya. Matsakaicin farashin Jamus ya kasance kusan Yuro 30 a 2020, shekarar kullen korona. A 2021 ya kusa 97. A 2022, bayan Rasha ta mamaye Yukren kuma gas ɗinta ya daina isowa, ya kai kusan 235, sannan ya sauko kusan 95 a 2023. Duk wanda ya ɗauki waɗannan shekaru ya fitar da matsakaici ɗaya ya ce nan farashi ke komawa, ya yi aikin banza. Ko dai ka yanka bayanan zuwa zamuna, ko ka yi amfani da matsakaici mai tafiya na wata biyu ko uku, ko kuma, wanda ya fi, ka shigar da farashin gas da na takardar izinin fitar da hayaƙi cikin lissafin, tun da su ne ke ɗaga tashar ƙarshe. Rufe tashoshin nukiliya uku na ƙarshe a ranar 15 ga Afrilun 2023 shi ma alama ce da ya kamata ta fito a zanenka.

Idan za ka yi hasashe

Fara da abokin gasa mafi sauƙi: farashin Talata zuwa Juma'a zai zama irin na jiya, na Asabar da Lahadi da Litinin kuma irin na makon jiya. Ba ya buƙatar ilimi, amma kayar da shi ba wasa ba ne. Sannan ka gina naka: farashin wannan awa a jiya, shekaranjiya da makon jiya, mafi ƙanƙanta da mafi girman farashin jiya, hasashen buƙata, hasashen iska da rana, da ranar mako. Rafał Weron na Poland da abokan aikinsa sun daɗe suna nuna cewa irin wannan lissafi mai sauƙi, idan an tace shi da kyau, yana gogayya da manyan samfuran kwamfuta masu tsada.

Gwajin shi ne inda amana take. Ka koyar da samfurin da shekara biyu ko uku, ka yi hasashen gobe, ka matsa kwana ɗaya, ka sake koyarwa, haka har ka cika aƙalla shekara guda da samfurin bai taɓa gani ba. Kada ka ba shi abin da ɗan kasuwa bai sani ba kafin ƙarfe 12 na ranar gwanjo. Iskar da ta kaɗa da gaske gobe ba ta halatta ba, hasashenta ne ya halatta. Auna kuskure da Yuro, ba da kashi cikin ɗari ba, saboda awowin sifili. Raba matsakaicin kuskurenka da na abokin gasar nan: idan amsar ba ta gaza 1 ba, samfurinka bai tsinana komai ba. Idan samfura biyu sun yi kusa, gwajin Diebold da Mariano na 1995 zai nuna ko bambancin na gaske ne ko sa'a ce.

A Nijeriya fa?

Mu ba gwanjo ke yanka mana farashi ba, hukumomin gwamnati ne irin su NERC, kamar yadda a Nijar ma hukuma ke tsayar da abin da NIGELEC za ta karɓa. Zanen farashinmu matakala ne: ya kwanta watanni, ya yi tsalle rana ɗaya. A Afrilun 2024 masu rukunin A, waɗanda aka yi wa alƙawarin wuta ta aƙalla awa 20 a rana, sun tashi daga abin da bai kai naira 70 ba zuwa naira 225 a kan kilowat-awa, aka rage zuwa 206.80 a Mayu, aka mai da shi 209.50 a Yuli. Babu amfanin neman zagayen yini ko gwajin komawa gida a irin wannan jeri. Abin yi shi ne a raba shi da ma'aunin hauhawar farashi na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, a kuma juya shi zuwa dala, musamman daga Yunin 2023 da aka saki naira, domin gas ɗin da tashoshi ke ƙonawa da dala ake lissafa shi.

Abin da ke rawa a wurinmu awowin wuta ne, kuma su ne ke fitar da farashin gaskiya. Babban janareta yakan ba da kimanin kilowat-awa 3 daga litar dizal. A ce lita naira 1,200 ce, kilowat-awa ta zama 400, ban da gyara da bakin mai. Masana'antar da ke aiki dare da rana, idan ta samu wuta awa 20 ta kunna janareta awa 4, tana biyan kusan naira 241 a kan kilowat-awa, idan farashin kamfanin wuta 209.50 ne. Idan wutar ta koma awa 12, kusan 305 take biya, alhali takardar kamfanin wuta ba ta canza ba. Wannan jerin yana da zagayen yini, yana da na shekara tsakanin zafin Afrilu da damina, yana da tsalle ranar da babban layin ƙasa ya faɗi, yana da kalandarsa ta azumi da salla da ke matsowa da kwana goma sha ɗaya duk shekara. Duk dabarun da aka bayyana a sama za su yi aiki a kansa.

Matsalar ita ce babu dandalin da zai ba ka alƙaluman unguwarku kyauta, kai za ka tara su. Ka samu littafi ko waya, ka riƙa rubuta lokacin da aka kawo wuta da lokacin da aka ɗauke, da litar man da ka zuba da kuɗinta, da katin mitar da ka saya. Idan ka yi wata uku ba fashi za ka fara ganin siffar mako, amma sai ka cika shekara kafin ka ce komai a kan damina da rani.